Karanshaf ɗin Kombi yana wasa gaba da baya: shim zan ƙara ko inji zan buɗe?

Mai Burodi, Sabon Garin Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin Volkswagen na da.

Ina da bas Kombi mai injin 1600 a baya, irin wanda iska ke sanyayawa, babu lagireto. Gadonta na yi daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shi haya ya yi da ita tsakanin Zariya da Funtuwa, ni kuma yanzu burodi nake rabawa: in ɗauka a Sabon Gari da asuba, in bi Samaru da Shika har Giwa. Burodi ba shi da nauyi, amma tsayuwa ta yi yawa. Kowane mai shayi da kowane kanti sai na tsaya, sau da yawa ma ba na cire giya, sai in danne kuloci yaro ya miƙa kaya mu wuce.

Abin da ya dame ni yoyon baƙin mai ne daga mahaɗar inji da giyabos. Duk inda na ajiye ta sai ta bar tabo a ƙasa. Na shafa na sansana, man inji ne, ba shi da warin nan na man giya. An sauke inji an sa sabon oyilsil na bayan filawil, ta ɗan bushe, daga baya yoyon ya dawo yadda yake. Yanzu har kuloci ya fara karkarwa idan zan tashi a giya ɗaya, ina zaton mai ya taɓa farantin.

Akwai kuma abu biyu da na lura da su. Idan inji yana silo na taka kuloci, muryarsa takan sauka kamar zai mutu, in na ɗaga ƙafa ta dawo. Jiya kuma ina duba fanbel sai na kama fuli na ƙasa da hannu biyu, na ja na tura, na ji ƙwas ƙwas, kuma da idona na ga yana shiga yana fita. Ba wani da yawa ba, amma ana gani.

Yaron da ke taya ni gyara ya ce karanshaf ne ke wasa, a sake sauke inji a ƙara shim ɗaya, wato siririn zoben ƙarfe na cike gurbi, a kan waɗanda ke bayan filawil, in ba a samu ba a yanko daga gwangwanin madara, wai haka ake yi. Wani kuma ya ce injin ya gama, in nemi wani kawai. Tsakanin maganar nan biyu akwai kuɗi mai yawa, motar nan kuwa da ita nake ciyar da gidana.

To don Allah, wasa nawa aka yarda karanshaf ya yi? Yaya ake auna shi a san gaskiya ba a yi ta kintace da hannu ba? Kuma ƙarin shim zai warkar da shi, ko kuwa lallai sai an raba inji?

Bakaniken Hayas, Kawo:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari. Ni aikina Hayas ne, masu injin gas 3L da 5L, to da ma'auninsu zan yi maka magana.

Kowane karanshaf dole ya yi ɗan wasa gaba da baya. In babu wasan sam, mai ba zai samu wurin shiga ba, ƙarfe kuma in ya yi zafi yana buɗewa, sai ya cije. A Hayas abin da ke tsare wasan nan wosha ce mai siffar rabin wata, ana sa ta gefe da gefen mital na tsakiya, na uku (mital shi ne ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa). Littafin Toyota ya ba da milimita 0.04 zuwa 0.25, iyaka kuma 0.30. In ya wuce haka sai mu kwance kwanon mai na ƙasa, mu cire murfin mital na uku, mu canza woshar. In fuskar shaf ɗin ta ci, akwai wosha mai ƙarin kauri. Gefen da ke da tsagi shi ke kallon shaf, domin ta tsagin nan mai yake bi. Na ga injin da aka juya masa ita baibai, bai yi nisa ba ya cinye ta.

Abin da ya sa ba na son a yi sakaci da wasan nan, idan woshar ta sirance sosai takan zame ta faɗa cikin kwanon mai. Daga nan shaf ɗin bulok zai riƙa ci kai tsaye duk lokacin da direba ya taka kuloci. Na karɓi irin wannan daga direbobin Kaduna zuwa Abuja, mutum ya zo da ƙorafin giya ba ta shiga, ka duba ka tarar kuloci lafiya lau, shaf ne ke gudu gaba duk sanda aka danna shi. A lokacin kuwa bulok ya riga ya tafi.

Saukar muryar inji da ka ce kana ji idan ka taka kuloci, alamar wurin nan ce. Maganar gwangwani kuma ka manta da ita, ƙarfen gwangwani laushi gare shi, zai niƙe ya bi mai ya shiga mital. Ka nemi mai agogon awo ya auna maka. In ka samu bai kai 0.30 ba, ni dai sai in ce ka canza oyilsil mai kyau ka ci gaba da neman abincinka.

Tsohon Bakanike, Jos:

Ɗana mai burodi, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bar maka. Na ji daɗi ƙwarai da har yanzu akwai mai riƙe da Kombi yana aiki da ita. Bayan kamfanin Volkswagen na Legas ya fara harhaɗa motoci a 1975, Bitil da Kombi sun cika gari, a kan injinsu muka koyi aiki, kuma shi ne injin da na fi sani har hannuna ya daina ɗaukar sufana.

Ƙanena na Kawo ya faɗi gaskiya a kan Hayas, kuma ya yi daidai a kan gwangwani. Amma kada ka ɗauki lambarsa ka kai wa Kombi. A naka injin wasan da aka yarda milimita 0.07 ne zuwa 0.13, in ya kai 0.15 an zo iyaka. Mu 0.10 muke nema, kusan kaurin takardar nan da ake buga wasiƙa a kanta. Wasa irin wannan da ƙyar hannu ke jin sa, ido kuwa ba ya ganin sa. Tunda ka gani da ido har ka ji ƙara, naka ya wuce iyaka, wannan ba sai an auna ba. Awon da za a yi na gano inda wasan yake ne.

Ka fahimci ginin injin tukuna. Ba shi da kwanon da za a kwance a kai ga mital. Kes ɗin, wato gangar jikin injin, ɓari biyu ne, dama da hagu, shaf yana kwance a tsakiyarsu. Mital na farko, wanda ke gefen filawil, zobe ne cikakke mai leɓe biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, leɓunan sun rungume mazauninsa a jikin kes, ga kuma ɗan fil da ke hana shi juyawa. Leɓen ciki shi ke tare shaf, leɓen waje shi ke tare filawil. Tsakanin filawil da leɓen waje nan ne shim suke, guda 3. Duk sanda ka taka kuloci, ƙarfin yana tura filawil, filawil ya danne shim, shim su danne leɓen mital, mital kuma ya danne kes.

Ga inda mutane ke kashe inji. Wasan da ka ji a fuli yana iya fitowa daga wuri biyu. Ko dai shim da leɓen mital sun ci, wannan shim zai gyara. Ko kuma mital ɗin da kansa ya saki a mazauninsa yana tafiya tare da shaf, domin kes ɗin magnesiyam ne, ƙarfe mara nauyi mai laushi, shekara da shekaru ana dukansa da zafi da kuloci sai mazaunin ya buɗe. In wannan ne, shim ba ya gyara shi. Abin da ya fi muni, in ka cika shim har agogo ya nuna maka 0.10, to 0.10 ɗin nan tafiyar mital ce a cikin kes, tsakanin shim da leɓe kuwa babu ko kaɗan. Ka matse mital ke nan tsakanin shaf da filawil. Da inji ya ɗau zafi zai kama shi ya juya da shi, fil ya yage mazauni, ramin mai ya kauce, shi ke nan. Na sha karɓar injin da aka yi wa haka, mai shi yana cewa ai jiya-jiya aka saita masa.

Saboda haka da ka cire filawil, kafin ka taɓa shim, ka zare oyilsil ka goge wurin tas ka zuba wa leɓen mital ido. Wani ya je baya ya riƙa tura fuli yana ja. In ka ga leɓen yana motsi, ko ka ga mai yana tsattsafowa ta tsakaninsa da kes, ya saki. Ka kuma sa yatsa ka gwada juya shi dama da hagu. Lafiyayye ba ya motsi ko kaɗan.

In ka tarar yana zaune daram, to ka gode wa Allah, aikinka mai sauƙi ne. Filawil ɗin 1600 babban noti ɗaya ne ke riƙe da shi, mai kai 36, da fil 4 a bakin shaf. Ka duba ramukan fil ɗin, in sun zama ƙwai-ƙwai to filawil ya taɓa saki, wannan ma wata matsalar ce mai kama da taka. Ka sa shim 2 kawai, ba oyilsil, ba zoben robar da ke cikin filawil. Ka mayar da filawil ka ɗaure sosai, ka auna. Abin da ka samu ka cire 0.10, saura shi ne kaurin shim na uku. Misali agogo ya nuna 0.44, na ukun 0.34 ke nan. Ka sake kwancewa ka sa ukun da ɗan mai a jikinsu, ka ɗaure ka sake aunawa. Sai ka ga lambar ta faɗa tsakanin 0.07 da 0.13 sannan ka sa sabon oyilsil da sabon zoben roba ka yi ɗaurin ƙarshe. Zoben nan mutane suna mantawa da shi, alhali shi kaɗai yana iya jiƙa kuloci.

Shim ɗin suna zuwa kauri-kauri: 0.24, 0.30, 0.32, 0.34, 0.36 da 0.38. Dole su zama 3, ba 2 ba, ba 4 ba. Filawil yana gudu, mital yana tsaye, su ukun suna zamewa a kan juna da mai a tsakaninsu, sai su raba gudun kada fuska ɗaya ta sha shi duka. In mafi kauri guda 3 ba su cike maka gurbin ba, wurin ya ci fiye da abin da shim zai rufe, na huɗu ba magani ba ne.

Sai maganar ƙafarka. Tsayuwar nan da kake yi da giya a ciki kana danne da kuloci, duk tsawonta mital ɗin nan ne ke ɗauke da nauyin, kuma a silo, lokacin da ƙarfin mai ya fi ƙasa. Ka riƙa cire giya kana ɗaga ƙafa. Da safe ma ka tayar da ita a firi ba tare da taka kuloci ba, domin a lokacin mai bai hau ba. Ka kuma duba wayar kuloci, feda ta yi wasan banza na milimita 10 zuwa 20 kafin ta fara aiki, da notin nan mai fiffike da ke ƙarshen waya a jikin giyabos ake saita shi. In babu wasan nan, kuloci a danne yake ko ƙafarka tana ƙasa.

Malama mai koyar da aikin inji, Kano:

Baba na Jos, Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya gamsar. Zan ɗan ƙara a kan awon kansa, domin a nan ɗalibaina suka fi samun lambar ƙarya.

Malam mai burodi, agogon awo yawanci yana zuwa da gindi mai maganaɗisu, to maganaɗisu ba ya kama magnesiyam. Ko dai ka ɗaura ɗan farantin ƙarfe a ɗaya daga cikin ramukan da ake ɗaure inji da giyabos ka kafa agogon a kai, ko ka manna gindin a jikin filawil bakin agogon ya taɓa kes. Bakin ya tsaya a miƙe daidai da tsawon shaf. In ya karkace, lambar da zai ba ka ba ita ce ta gaskiya ba. Ka tura filawil ciki har ya tsaya, ka mayar da allura kan sifili, sannan ka jawo shi waje ka karanta. Da hannu ko da ɗan katako, a hankali. In ka sa dogon ƙarfe ka banƙare da ƙarfi, filawil zai ɗan lanƙwasa ya ƙara maka abin da babu. Ka maimaita har lamba ɗaya ta riƙa dawowa, ka juya filawil rabin zagaye ka sake.

In babu agogo, ana iya yi da fila geji, siraran ƙarafan nan na awon gurbi. Ka ɗaura ɗan ƙarfe mai ƙwari a jikin kes ya leƙo kan fuskar filawil, da ƙusa mai zare a jikinsa. Ka jawo filawil waje, ka murɗa ƙusar har ta taɓa shi da ƙyar, ka kulle ta da noti. Ka tura filawil ciki, gurbin da ya buɗe shi za ka auna da fila. Bai kai agogo ba, amma ya fi hannu nesa ba kusa ba.

Shim kuma kada ka yarda da lambar da aka rubuta a jikinsu in tsofaffi ne. Ka sa maikiromita a wurare daban-daban. Wanda ya lanƙwashe ko ya yi kaifi a bakinsa na ciki ka jefar, lanƙwasasshen shim yana dannuwa ya dawo, sai ya ɓoye maka wasan.

Gwajin da Baba ya ce a yi wa leɓen mital, ina ba da shawarar a yi shi da agogo ma, domin motsin 0.05 ido ba zai kama shi ba. Bayan an cire filawil da shim, ka ɗora bakin agogo a kan leɓen, ka danna leɓen ciki da katako, ka sa sifili, sannan a turo shaf daga gefen fuli. Duk abin da allura ta nuna, tafiyar mital ce.

Ɗaurin babban notin kusan Nm 350 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). In ba ka da sufanar awon ɗauri mai kai nan, lissafin mai sauƙi ne: mutum mai kilo 70 ya tsaya a kan sandar sufana, tana kwance daidai, a nisan santimita 50 daga tsakiyar notin. Mai kilo 60 ya matsa zuwa santimita 58. Tsayuwa kawai, ba tsalle. A kulle filawil, wani kuma ya riƙe injin kada ya kife. A cikin notin akwai ƙaramin boris mai allurai inda bakin shaf ɗin giyabos ke shiga, ka sa masa ɗan giris kaɗan.

Wani abu kuma, distiributa daga shaf take karɓar juyi ta giya mai karkatattun haƙora. In shaf yana kai da komo, lokacin wuta ma yana kai da komo. Kada ka wahalar da kanka da saita tayimin ko kafireto sai an gama da wannan.

Mai Burodi, Sabon Garin Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Malama, na bi abin da kuka ce. Mun sauke injin, na samu aron agogo da maikiromita wurin wani mai yankan shaf a Tudun Wada, shi da kansa ya zo ya tsaya a kan awon.

Kafin mu kwance filawil, wasan 0.36 ne. Babban notin a ɗaure yake tam, ramukan fil lafiya lau. Shim 3 muka tarar, 0.29, 0.28 da 0.23, na ƙarshen ya ɗan lanƙwashe kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Zoben robar cikin filawil ya bushe har ya tsage, da alama wancan karon ba a canza shi ba. Farantin kuloci ya sha mai.

Sai leɓen mital. Da ido ban ga komai ba, na fara murna. Da muka ɗora agogo yadda Malama ta ce, allura ta tafi 0.11. Mun maimaita, haka take dawowa. Da na matsa da yatsa kuma yana ɗan motsawa dama da hagu, kaɗan ƙwarai, kuma mai yana fitowa ta gefensa.

Baba, na gane wannan shi ne abin da ka ce shim ba ya gyarawa. Amma gaskiya ba ni da kuɗin raba inji a wannan watan, ga masu shayi suna jira, in na ɓace musu wani zai karɓe layin. Akwai yadda zan lallaɓa ta zuwa wani lokaci ba tare da na kashe ta gaba ɗaya ba? In kuma lokacin buɗewa ya zo, me zan nema, me zan ce wa mai yanka?

Tsohon Bakanike, Jos:

Ɗana, ka yi aiki mai kyau, kuma Malama ta cece ka da maganar ɗora agogo a leɓe. Dubi lissafinka. Cikin 0.36 ɗin nan, 0.11 tafiyar mital ce, gurbin gaske tsakanin shim da leɓe 0.25 ne. Da an bi ta hanyar da aka saba an nemi agogo ya nuna 0.10, da an ƙara kaurin 0.26 a inda gurbin 0.25 ne kacal. Da ba ka kai Giwa ba.

Maganin gaskiya a raba kes. Amma na san halin da ake ciki, to ga lallaɓawa, kuma ka riƙe cewa lallaɓawa ce. Tsofaffin shim ɗinka sun haɗa 0.80. Ka sa sababbi 3 masu 0.32, sun haɗa 0.96. Gurbin gaske zai koma 0.09, agogo kuma zai nuna maka wajen 0.20 saboda tafiyar mital. Ka bar shi a haka, kada wani ya ce maka ya yi yawa a ƙara. Bayan ɗaurin ƙarshe ka juya injin da hannu ka tabbata yana juyawa sumul. Ka sa sabon zoben roba da oyilsil, ka shafa yatsa a wuyan filawil inda oyilsil ke hawa, in ya yi zurfin da farce ke maƙalewa to sai an nemi wani filawil, in ka canza shi kuma awon shim daga farko za a sake. Farantin kuloci da ya sha mai ba ya wankuwa, sabo za ka sa. Yoyon zai ragu, amma kada ka yi mamaki in ya dawo, tunda mital yana motsi.

Ka kula da mai sosai a wannan tsakanin. Injin nan lita 2.5 kawai yake ɗauka, ba shi da filta sai 'yar rariya a ƙasa. Kamfani ya ce a canza duk kilomita 5,000, amma a ƙurar hanyarku, da mital a wannan hali, ni ba zan kai haka ba. Ka tabbata duk gwangwanayen da ke rufe injin suna nan, da robar da ke zagaye da shi, domin in babu su iskar zafi yake sake shaƙa, zafi kuwa shi ya fara buɗe mazaunin nan. Burodi kawai, kada ka karɓi lodin buhunan masara don ƙarin kuɗi.

In lokacin buɗewa ya zo, mai yanka zai yi abu biyu a kes. Zai faɗaɗa ramukan mital gaba ɗaya a layi ɗaya: manyan ukun asalinsu milimita 65 ne, ana kai su 65.50 ko 66. Zai kuma share gefen mazaunin mital na farko, wanda asalinsa 22 ne, ya koma 21, in ya ci sosai 20. Shi ya sa mital ɗin injin nan da lamba uku ake sayensa: ta kes, ta shaf, da ta leɓe. Shaf a wurin manyan mital ɗin uku asalinsa 55 ne, ana yanka shi 0.25, 0.50 ko 0.75. Kada ka sayi mital sai an auna duka ukun, kuma ka kai wa mai yanka mital ɗin a hannu ya share mazaunin daidai da shi, ya shiga da ɗan matsi. Ka tambaye shi ko yana da sandar yanka ta wannan injin, domin ba kowane mai yankan bulok ke da ita ba. Ka kuma tuna masa magnesiyam ne, garinsa yana kama wuta kuma ruwa ba ya kashe ta, yashi busasshe ake zubawa.

In an taɓa yanka kes ɗin har ya ƙure, sai neman wani. Ka tambaya a Fanteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba Ladipo a Legas. Barazil ta ci gaba da ƙera Kombi har 2013, mai injin iska kuma har 2005, saboda haka kayan injin nan ba su ɓace daga duniya ba. Tsohon kes kuma kada ka biya sai an wanke shi ka duba da kyau: bayan silinda ta 3 ta gefen filawil yakan tsage, mazaunin tsakiya in ka ji gaɓa da farce ya buɗe, ramin fil na mital na farko kuma ya zama zagayayye ba ƙwai ba. Naka ma ka duba wurin tsagewar nan yanzu tunda filawil yana ƙasa, don shi ma ta mahaɗar giyabos yake zubar da mai.

Kana tafiya kana kallon fitilar mai. Ranar da ta fara ƙyaftawa a silo bayan inji ya yi zafi, ko ka ji bugu mai nauyi daga ƙasa idan ka ba ta wuta, ka kashe ta a inda kake a jawo ta gida, shaf ɗinka da kwanrod za su tsira. Kuma duk sanda za ka canza mai ka sake kama fulin nan ka ji ko wasan ya ƙaru.